Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Tsaro: A Rubuta Ƙa'idar Bin Sawu Kafin Baƙon Soja Ya Tako Ƙasarmu

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Muna rubuto maka daga Kaduna, garin Runduna ta Ɗaya da makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, kuma jihar da dazukanta suka sarƙe da na Zamfara da Katsina, har ɗan bindiga ya kan bi daji a kan babur ya ɓulla jihar Maraɗi ba tare da ya hau kwalta ba. Ya san inda iyaka take, ya kuma san cewa sojan da ke bin sa zai ja birki a nan. Saboda haka muke ganin dole a yi yarjejeniyar bin sawu da maƙwabta. Amma kada wani soja, na Chadi ne ko na Amurka, ya shigo da makami sai bisa ƙa'idar da aka rubuta aka sa wa hannu.

Doka a fili take. Sashe na 2(4) na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya hana amfani da ƙarfi a ƙasar wani. Bin sawun da dokar duniya ta sani na teku ne, a sashe na 111 na yarjejeniyar dokar teku ta 1982, shi ma yana ƙarewa da zarar jirgin da ake bi ya shiga ruwan wata ƙasa. A tudu sai da yardar mai gida.

Mun ga yadda abin ke lalacewa a 2015. Sojojin Chadi sun ƙwato Gamboru da Dikwa, sannan su da na Nijar suka ƙwato Damasak a watan Maris. Shugaban Chadi na lokacin, Idriss Deby, ya fito fili ya koka cewa ba ya ganin sojojin Najeriya da zai miƙa wa garuruwan. Baƙi suka janye, Boko Haram ta dawo, sai da aka sake yaƙin Damasak a 2016. A Fabrairun 2015 kuma wani jirgi ya jefa bam kan masu zaman makoki a Abadam, ɓangaren Nijar, mutum sama da 30 suka mutu, aka rasa wanda zai ce jirginsa ne.

Yarjejeniyar da muke nufi sai ta faɗi nisa da lokaci da lambobi. Shawararmu kilomita 20 daga iyaka, awa 24, in ba mai gida ya ƙara ba. Bin ya zama wanda bai yanke ba tun daga inda aka ga maharan. In sawu ya ɓace ko an kwana, izini ya faɗi, sai a miƙa bayanin ga sojan ƙasar. Kafin a ƙetara, kwamanda ya sanar da takwaransa ta layin da ke buɗe dare da rana: mutum nawa, mota nawa, ta wace hanya. Kowace tawaga ta tafi da jami'in ƙasar da aka shiga, wanda ke jin harshen wurin, kuma a daidaita tashar oba-oba ɗaya da alamar da za a sa wa motoci, a riƙa sauya ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin 'yan bindiga na sa kakin soja, kuma tawaga biyu da ba sa jin juna a rediyo cikin duhu kan buɗe wa juna wuta.

Wanda aka kama a miƙa shi ga hukumar ƙasar cikin awa 48, da sunansa a rubuce. Shanun da aka ƙwato a ƙidaya su gaban dagaci, don a nan ne zargi ke fara tsiro. Kuma tun kafin a shiga gari a san rundunar da za ta karɓe shi cikin kwana uku.

Maganar jirgin sama ita ta fi damun mu. A daren 3 ga Disamba 2023, mutanen Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi suna zaune a taron Maulidi, yara da mata a kan tabarmi, jirgi marar matuƙi na sojanmu ya sakar musu bam. Hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ce mutum 85 aka binne. Sojanmu ne, ya amsa kuskurensa, shugabanninsa suka zo ta'aziyya, iyalai suka san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Da jirgin wata ƙasa ne, wa za su tambaya? Lokacin da Amurka ta kai hari jihar Sakkwato ranar 25 ga Disamba 2025, gwamnati ta ce da saninta aka yi, amma daga bakin shugaban Amurka 'yan ƙasa suka fara jin labari, mutanen Jabo kuma suka wayi gari da ɓaraguzai a gonakinsu. Don haka a rubuta cewa baƙon jirgi ba zai saki komai ba sai jami'in Najeriya ya tabbatar da wurin ya sa hannu, a kuma faɗi wanda zai yi bincike da wanda zai biya diyya in an kashe farar hula.

Ranka ya daɗe, giɓin yanzu yana yamma. Rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi mai hedikwata a N'Djamena ba ta da hurumi a Sakkwato ko Kebbi inda mayaƙan ƙungiyar Lakurawa ke kai da komo, ga shi Nijar ta fice daga cikinta a 2025 bayan ta bar ECOWAS. Amma hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971 tana nan a Yamai. A bi ta wannan ƙofa a tattauna ƙa'idojin nan, sannan a kai takardar gaban Majalisar Tarayya kamar yadda sashe na 12 na kundin tsarin mulki ya tanada, a fassara ta da Hausa da Kanuri da Fulfulde a karanta a rediyo, don mai unguwar bakin iyaka ya san motar da ya kamata ya gani da lambar da zai kira in ya ga wata daban.

Wassalam.

Daga wasu masu nazarin harkokin tsaro, Kaduna.