Idan zazzaɓi ya zo mata, kada ka jira gari ya waye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, ya mai jiki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Innarku da ƙannenka duk suna yi muku sannu.

Hoton takardar gwajin jinin iyalinka da ka turo, wanda aka yi mata bayan allurar kemo, wato maganin sankara da ake ba ta, ya iso, na kuma duba shi da kyau. A waya na ji kana cewa ai ba komai, tunda tana cin abinci tana hira, kuma kai ma an taɓa ce maka fararen ƙwayoyin jininka sun yi ƙasa amma ba abin da ya same ka. Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai har na zauna rubuto maka. Ka karanta a natse, ka karanta wa iyalinka ita ma, don jikinta ne.

Ɗauko takardar. Layin da aka rubuta WBC shi ne jimillar fararen ƙwayoyin jini. Ga babba mai lafiya yakan kama daga 4,000 zuwa 11,000 a ma'aunin da ake amfani da shi, nata kuwa 2.4 aka rubuta, wato 2,400. Amma mu da muka yi aikin ɗakin gwaji, ba a nan idonmu yake tsayawa ba. Fararen ƙwayoyin nan iri-iri ne, kuma waɗanda suke fara tarar ƙwayar cuta su cinye ta su ne ake kira nitirofil. Takardarta ta nuna su kashi 30 cikin ɗari. Kashi 30 na 2,400 ya ba ka 720. Wannan lissafin nake so ka iya, ka riƙa yin sa duk ranar da aka miƙo maka sakamako. Daga 1,500 zuwa sama hankali kwance. Ƙasa da 1,000 an shiga haɗari. Ƙasa da 500 kuwa, cutar da kai za ka yi fama da ita kana tafiya kasuwa tana iya kayar da iyalinka cikin sa'o'i kaɗan.

Ba wani sabon ciwo ne ya same ta ba, aikin allurar kemo ne. Maganin yana bin ƙwayoyin da suke saurin hayayyafa ya kashe, domin ƙwayoyin sankarar haka suke. To, saiwar gashi ma haka take, da fatar cikin baki da ta hanji, da ɓargon ƙashi inda ake ƙera jini. Nitirofil ba ya cika kwana guda yana yawo a cikin jini, kullum sai ɓargo ya turo sabo. Da zarar ɓargon ya ja baya, adadin sai ya zube. Yawanci yana kaiwa ƙarshen faɗuwarsa tsakanin kwana 7 da kwana 14 bayan allura, ya farfaɗo wajen mako na uku, shi ya sa suke ba ta duk bayan kwana 21. Abin da yake ruɗar mutane shi ne, a daidai kwanakin nan ne tashin zuciya yake lafawa, mai jinya ta ji ƙarfi, a ce ai ta warware. An ɗebi jininta a kwana na takwas, saboda haka 720 ɗin nan yana iya ƙara sauka kafin ya hau.

Naka daban ne. Mafi yawanmu mutanen Afirka ta Yamma an haife mu babu wani sinadari da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininmu. Rashinsa yana ba da kariya daga wani nau'in maleriya mai suna bibaks, kuma masu wannan halitta sau da yawa nitirofil ɗinsu a gwaji yakan fito ƙasa da ma'aunin da aka ɗauko daga jinin Turawa, alhali ɓargonsu lafiya lau yake, cuta ba ta kama su fiye da kowa. Kai haka Allah Ya yi ka. Ita ɓargonta ne magani ya danne. Kada ka auna jikinta da naka.

Na san kuma za a fara kawo mata ruwan ugu da zogale da maltina da madara, a ce jininta ne ya yi ƙasa. Ta ci abinci mai kyau, wannan ba laifi. Sai dai ka sani ba su ne za su ɗaga fararen ƙwayoyi ba, ƙarin jini ma jajaye yake ƙarawa. Abin da yake ɗaga su lokaci ne, sai kuma wata allura mai suna filgrastim da take zaburar da ɓargo, wadda likita ne zai ga ko ta dace da ita. Takan sa ciwon ƙashi, kada ya tsorata ku. Idan ranar allura ta zo suka ce a ɗaga da mako guda don adadin bai dawo ba, kada ka yi musu gardama saboda kuɗin mota ko izinin ofis.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mu nan, da jiki ya yi zafi sai mu ce maleriya ce, a aika yaro kemis ya karɓo farasitamol da maganin zazzaɓi, a ce a ga yadda za ta kwana. Ga iyalinka a kwanakin nan, wannan al'adar tana iya zama ajali. Kumburi da ja da mugunya da kake gani a miki, aikin nitirofil ne. Idan babu su, cuta tana iya cin huhu ba tari mai kauri, ta ci mafitsara ba wani zafin fitsari sosai, ta shiga jini ba inda ya kumbura. Sau da yawa zazzaɓi kaɗai ne alamar da za ta fito.

Saboda haka ka sayi ma'aunin zafin jiki yau, na batir, a ajiye shi kusa da gadonta. Tafin hannu a goshi ba awo ba ne. A gwada safe da yamma, da duk lokacin da ta ce tana jin sanyi ko kasala. A hammata ko a baki, ban da ta dubura. Idan ya kai 38, ku tashi sai asibitin da suke ba ta kemo, ko ƙarfe biyun dare ne, ko ana ruwa. Kada a ba ta farasitamol kafin a gwada, don yana ɓoye zafin ya bar cutar tana aikinta. Ko ma'aunin bai kai 38 ba, in ka ga rawar sanyi, ko numfashi sama-sama, ko jiri in ta miƙe, ko maganarta ta fara rikicewa, ko jikin ya yi sanyi ƙalau ƙasa da 36, hukuncin ɗaya ne.

In kun isa, kada ka bi layi ka yi shiru don kawaici. Ka faɗa wa ma'aikacin farko da ka gani: tana kan kemo, kwana kaza da allura, zafinta kaza, nitirofil ɗinta na ƙarshe kaza. Ƙa'idar aikin ita ce a ɗebi jini a kuma fara ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin sa'a guda da isowarta, ba tare da jiran sakamako ba. Maleriyar ma za su gwada, don tana iya haɗuwa da wata cutar a lokaci ɗaya. Katin asibiti, da takardar da ke ɗauke da sunan magungunanta, da kuɗin da ba a taɓawa, su zauna a jaka guda. Kada motarka ta kwana ba mai, kuma ka riƙe lambar wani mai adaidaita na unguwa da zai ɗaga waya da dare.

Wani abu da mutane ba su sani ba: yawancin cututtukan da suke kama mai irin wannan hali daga jikinsa suke fitowa, daga ƙwayoyin da suke zaune a baki da hanji da fata tun fil azal ba su cutar da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Don haka a kula da bakinta: burushi mai laushi, kurkure da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a duba ko gyambo ko farin abu ya fito a harshe. Kada a bar ta da taurin bayan gida har ya tsaga ta, a gaya wa likita da wuri. Ba wanzami, ba ƙaho, ba tsaga, ba mai yankan farce na yawo, ba cire haƙori sai da sanin likitanta. Allurar kemis kuwa a manta da ita, haka Septrin da Novalgin da kulorafenikol, don su kansu suna iya taɓa ɓargo.

Abinci a dafa a gida, ta ci da zafinsa. Nonon da ba a dafa ba, da latas da kabeji ɗanye, da kunun aya da zoɓon ƙulli na hanya, da tsiren da ya sha iska, da yankakkiyar kankana ta kan tire, duk ta haƙura da su zuwa ƙarshen magani. Ruwan shanta a tafasa. In za a yi mata tofi ko rubutu, a yi da wannan tafasasshen ruwan a kofi mai tsabta. Jiƙo da sassaƙe kam ban yarda ba. Ta kwana cikin gidan sauro. Sharar kaji da kashin tantabarun nan naka, wani ya ɗauke mata. Wanke hannu da sabulu ya zama dokar gidan, har da kai, har da yara in sun dawo makaranta.

Saura 'yan dubiya, kuma na san nan ne zai fi yi maka nauyi. Zumunci ne yake kawo su, Allah Ya ba su lada. Amma ɗaki cike da mutane, wannan na tari, waccan ta goyo yaro mai ƙarambau ko ƙyanda, ba alheri ba ne gare ta a mako na biyu. Su tsaya a falo su yi addu'a, ko su kira waya. Mai mura kada ya shigo sam. Biki da suna da zaman makoki ta ɗaga musu ƙafa, fita asibiti kuma da takunkumi. Duk wanda ya ji haushi, ka ce ni na hana, ya zo ya same ni. Surukanka ni zan kira su da kaina in yi musu bayani, don bai kamata wannan maganar ta fito daga bakinka ba.

Innarku ta so ta taho tun jiya, na ce ta bari tarin da take yi ya sake ta tukuna. Da ta warke za ta zo ta karɓe ku da girki da yara. Ka turo mini sakamakon gwaji na gaba ranar da ya fito, ka kuma rubuta mini lissafin nitirofil ɗin da hannunka in gani.

Ka gaishe ta ƙwarai, ka ce mata muna nan muna addu'a. Allah Ya ba ta lafiya, Ya yi muku albarka.

Wassalam,
Mahaifinka.