Barka da Sallah daga Jidda

Umma,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana.

Mun sauko daga Idi tun hantsi bai dubi ludayi ba, don nan rana na ɓullowa ake tayarwa. Yanzu azahar ta gota, unguwa tsit. Mutanen nan barci suke yi ranar Sallah, sai dare su fito ziyara, ko yaro ɗaya bai leƙo yawon Sallah ba. Maƙwabciyata ta aiko min da nasu kalacin: cuku, zaitun, burodi, da wani abu mai zaƙi na busassun 'ya'yan itace da suke kira dibyaza. Na ci na yi godiya, amma Umma, ina aka taɓa yin Sallah da cuku?

Na san war haka Yaya Hadiza ta kwashe tuwon shinkafa, yara na ta kai kwanuka maƙwabta. Ni ma na ce sai na yi taushe ko ana ha-maza-ha-mata. Baban Ilham ya samo kabewa mai kyau jiya, gyaɗa kuma akwai markaɗaɗɗiya a kwalba, sai dai a duba kar a ɗauko mai sukari. Alayyafo irin namu ne bai samu ba, ya kawo silik. Ganye ne faffaɗa, ya fi tafin hannu, da kara fari mai kauri. Farkon zuwana tare nake zuba su, ganyen ya narke, karan na nan garas-garas. Yanzu na gane kansa. Raba su nake yi, in yanka karan ƙanana in soya da albasa da attaruhu, ganyen kuwa sai miya ta nuna, minti 5 ya ishe shi. Larabawa da adas, wani ɗan mitsitsin wake, suke dafa shi su matsa lemon tsami, ko su naɗe shinkafa da nama a ciki kamar ƙullin alala.

Akwai wani kuma, kel, a manyan kantuna ake samu da ɗan karen tsada, a cukurkuɗe kamar gashin tunkiya. Wai Turawa ɗanye suke ci, Allah ya ba su haƙora. Ni zare jijiyar tsakiyar nake yi, in tafasa kamar minti 10, in zubar da ruwan saboda ɗan ɗacinsa, in matse in kwaɗa da ƙuli, tumatir, albasa da yaji. Wallahi kya ce kwaɗon rama ne.

Miyar ta yi kyau a ido. Da na ɗanɗana sai na aje ludayin na zauna. Ba yakuwa, ba daddawa. Lemon tsami na matsa, amma nasa tsamin a kan harshe yake tsayawa, ba ya ratsa miya. Abin haushi, zoɓo ga shi nan a kowane shago, karkade suke ce masa, ganyen kuwa ban taɓa cin karo da shi ba. Daddawar da kika ba ni ta ƙare tun azumi na 20. Sai da na sunsuna robar, Ilham na ta yi min dariya, ni kuwa hawaye.

Don Allah a fara shanya min yakuwa da zogale, a haɗa da daddawa da kuka. Maniyyata za su fara tasowa a Zulƙida, ba za a rasa ɗan unguwa ba. A ƙulle daddawar leda uku, kar a ɓata wa mutane jaka.

A gaishe da Baba da kyau. A gaida Yaya Hadiza da maigidanta, da Kawu, da mutanen gidan liman. Hajiya Kaka kuwa a ce mata kishiyarta na nan ba ta manta ba, na saya mata turaren wuta da dabino ajwa, ta daina cin goro da daddare, kuma ƙafar nan a riƙa gasa mata. Auta, gobe in za ka kallon Hawan Daushe ka riƙe hannun Sadik, ka ɗauko min bidiyo mai tsawo, ba irin na bara da rabinsa ƙeyar mutane ce ba. Sauran duk ina gaisuwa.

Bari in tashi, Baban Ilham na neman ƙari.

'Yarki,
Maryam