Haƙuri da addinin wani ba yarda da shi ba ne

Malam Edita,

Masu shirya taron fahimtar juna tsakanin Kirista da Musulmi sukan yi kuskure guda: su nemi fasto ya tashi a bainar jama'a ya ce duk addinai ɗaya ne. Ba zai faɗa ba. In ma ya faɗa, mabiyansa za su juya masa baya, taron ya tashi a tutar babu.

Kiristoci ba bakinsu ɗaya ba a nan. Coci-coci irin su ECWA suna riƙe da Yohanna 14:6, cewa ceto ta wurin Yesu kaɗai yake. Katolika ma ba su saki wannan ba, amma ranar 28 ga Oktoba 1965 babban taron Batikan na biyu ya fitar da sanarwar Nostra Aetate, wadda ta ce ikilisiya tana girmama Musulmi, masu bauta wa Allah ɗaya, masu daraja Maryamu, masu salla da sadaka da azumi. A Disambar shekarar kuma taron ya ce kada a tilasta wa kowa a sha'anin addini.

Don haka a ajiye gardamar ceto gefe. A zauna kan lasifikar da ke hana maƙwabta barci, da tare titi ranar Juma'a ko Lahadi, da izinin filin gina wurin ibada.