Rahoton Ayyukan Shekara, Satumba 2024 zuwa Agusta 2025: Shekarar da Gasar Hokin Matasa ta Zo Garinmu

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, mambobin wannan ƙungiya mazauna Ottawa da Gatineau a ƙasar Kanada, barkanmu da ganin wata shekarar.

Ayyukan da muka saba duk sun gudana lafiya: karatun yara na ranar Asabar, buɗe-bakin azumi a watan Maris, walimar ƙaramar Sallah da ta babba, da zuwa barka da ta'aziyya. Ba za mu tsaya a kansu ba, ma'aji zai karanta lissafinsu a zauren taro. Abin da ya fi cin lokacin kwamiti bana, ya kuma fi jawo ce-ce-ku-ce a tsakaninmu, shi ne wasan hoki na kankara, don haka a kansa za mu daɗe.

Gasar duniya ta matasa 'yan ƙasa da shekara 20 ita ce ta sauka a Ottawa daga 26 ga Disamba 2024 zuwa 5 ga Janairu 2025. Rabon garin nan da ita tun 2009. Ƙasashe 10 aka raba rukuni biyu: Kanada, Amurka, Finlan, Latbiya da Jamus a filin Canadian Tire Centre da ke unguwar Kanata, su kuma Suwidin, Cek, Silobakiya, Suwizalan da Kazakistan a TD Place. Mu manya da muka tashi da ƙwallon ƙafa ba mu ɗauki abin a bakin komai ba. Yaranmu ne suka tayar mana da ƙayar baya tun kafin hutun makaranta, domin a aji ba a hirar komai sai ita.

Kwamiti ya yanke shawarar kai yara wasa ɗaya a TD Place, inda tikiti ya fi sauƙi, sannan a kalli wasannin Kanada tare a zauren da muke haya. Akwai waɗanda suka ce kuɗin ƙungiya ba na kallon wasa ba ne, kuma maganarsu abar dubawa ce. Shi ya sa kowane gida ya biya wa manyansa, asusu ya ɗauki na yara kawai. Da yake magariba tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi a Disamba, mun riƙa haɗuwa mu yi sallah a jam'i kafin a kunna talabijin, mata kuma suka ɗauki nauyin shayi da ƙosai. Allah ya saka musu.

Daren 27 ga Disamba ba zai manta mana ba. Latbiya, ƙasar da mutanenta ba su cika miliyan biyu ba, ta doke Kanada da ci 3 da 2 bayan an kai zagaye na takwas na daga kai sai mai tsaron gida. Mai tsaron ragarsu, Linards Feldbergs, ya tare hari 55 kafin ma a kai ga wannan zagayen. Yara suka yi jugum, wasu har da hawaye, su kuwa dattawa da suka zo rakiya sai ga su suna tafa wa Latbiya. Wani daga cikin iyayenmu da ya shigo yana tambayar me ya sa ake korar ɗan wasa ya zauna minti biyu a benci, kafin mako ya zagayo shi ne ke yi wa Kanada faɗa kan yawan laifi. Kuma da gaskiyarsa. Laifin ne ya ci su a hannun Amurka, 4 da 1, a daren ƙarshen shekara, shi ne kuma ya ƙarasa su ranar 2 ga Janairu, lokacin da Cek ta jefa ta huɗu saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, alhali ɗan Kanada na zaune a bencin hukunci. Shekara biyu a jere ke nan Cek na fitar da su a wasan kusa da na kusa da na ƙarshe. Amurka ce ta ɗauki zinare bayan ta doke Finlan 4 da 3 a ƙarin lokaci, Cek ta samu tagulla a hannun Suwidin, Kazakistan ta sauka ƙaramin rukuni.

A ɗaya daga cikin dararen nan ne wani yaro ya tambaya ko akwai baƙin mutum da ya taɓa cin wannan gasa. Muka ba shi labarin Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya ci zinare da Kanada a 1996 kuma aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gaba na gasar. Muka ƙara masa da Akim Aliu, haifaffen Okene, wanda ya buga a babbar gasar ƙwararru ta Arewacin Amurka, NHL. Washegari iyaye suka fara kiran sakatare suna tambayar inda ake koyon zamiya a kankara.

Daga nan aikin ya soma da gaske. Mun taimaka wa gidaje da dama wajen cike takardun shirin First Shift, na yara masu shekara 6 zuwa 10 da ba su taɓa yin wasan ba, wanda ke ba yaro kaya tun daga hular kwano har takalmi. Masu ƙaramin ƙarfi mun nuna musu hanyar neman tallafin Jumpstart, gidauniyar da ke taimaka wa yara da kuɗin shiga wasanni. Mun kuma buɗe ɗan rumbun gwanjo: wanda takalmin ɗansa ya matse ya kawo, wani ya ɗauka. Wannan rumbun ya fi komai amfani bana, domin ƙafar yaro ba ta jiran albashi. Da mashigin ruwan Rideau ya daskare aka buɗe shi a Janairu, mun fita da yara sau da yawa a kan hanyar nan mai tsawon kilomita 7.8. Waɗanda suka zo ƙasar nan daga baya su sani ba kullum ake samun haka ba, a hunturun 2023 ko kwana ɗaya ba a buɗe shi ba. Manya biyu sun gwada sa takalmin, ɗaya ya sha ƙasa, an ce kada a ambaci suna.

Akwai inda muka gaza, kuma gara mu faɗa da bakinmu. Da muka tsara komai, yara maza muka sa a gaba, sai da wata uwa ta tashi a taro ta ce 'ya'yanta mata ma suna so, sannan muka farga. Garin nan yana da ƙungiyar ƙwararrun mata, Ottawa Charge, wadda ta kai wasan ƙarshe a watan Mayu kafin Minnesota ta doke ta, amma ba mu kai yarinya ko ɗaya kallo ba. Na biyu, lokutan atisaye na sassafe sun wahalar da iyaye masu aikin dare, kuma jerin masu ɗaukar yara a mota da muka rubuta bai wuce mako uku yana aiki ba. Na uku, wani lokacin atisayen ya ci karo da karatun Asabar. Matsayin kwamiti shi ne karatu ba ya matsawa, atisaye ne zai nemi wani lokaci.

Ga abin da za mu kawo gabanku a taron shekara domin ku yanke: ko a ware wani kaso na asusu don kayan wasan yara, maza da mata, wa zai riƙe rumbun gwanjo, tunda garejin da muke ajiya a ciki mai shi zai tashi, da kuma ko za a sake kama zaure don gasa mai zuwa, wadda za a yi a Minneapolis da Saint Paul a Amurka daga 26 ga Disamba 2025. Duk mai takalmi, sanda ko hular kwano da ba a amfani da su ya taho da su ranar taro, a wanke tukuna don Allah.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa