Wasiƙa zuwa ga Baba daga Dakota ta Kudu

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da sauran mutanen gida. Ni ma lafiya lau nake, sai dai sanyin birnin Rapid City na nan Amurka da ya fi hunturunmu nesa ba kusa ba.

Kun tambayi irin mutanen da nake zaune a cikinsu. Ban da Turawa, akwai 'yan ƙabilar Lakota, waɗanda suke nan tun kafin Bature ya sako ƙafarsa. Wani abokin aikina ɗan Oglala, ɗaya daga rassansu bakwai, ya kai ni gidansu a Pine Ridge, yankin da aka keɓe wa mutanensu, inda na tarar da zaman gandu irin namu, wanda suke kira tiyospaye. Kakarsa, wadda kowa yake kira Unci, ba ta bar ni na tafi ba sai da ta yafa mini bargo mai zanen tauraro, ɗinkin hannunta, domin a wurinsu da kyauta ake gane mutumin kirki.

A hanyar dawowa ya ba ni labarin duwatsun Black Hills, waɗanda suke kira He Sapa. A 1868 gwamnatin Amurka ta yi musu alkawari a rubuce, a Fort Laramie, cewa duwatsun nasu ne, amma da aka gano zinariya a 1874 sai alkawari ya tashi. 'Yan Lakota sun ci sojojin Custer, wani kwamandan Amurka, da yaƙi a bakin kogin Little Bighorn a 1876, zamanin shugabanninsu Sitting Bull da Crazy Horse, duk da haka a 1877 aka ƙwace ƙasar. A 1980 Kotun Ƙoli ta tabbatar musu da diyyar sama da dala miliyan 100, suka ƙi karɓa, domin a ganinsu karɓar kuɗin daidai take da amincewa an yi ciniki. Kuɗin suna nan a ajiye har sun haura dala biliyan 1, alhali Pine Ridge tana cikin yankunan da talauci ya fi yi wa katutu a Amurka, abin da na gani da idona.

Baba, tun daga ranar nake jin kunyar yadda na matsa muku bara kan a sayar da gonar gado. Na janye wannan magana, a yafe mini. Kuɗin taki zan turo kafin faɗuwar damina, in Allah ya yarda.

A gaida Inna da ƙannena.

Naku,
Ɗanku