Tambarin gado a Ingila na mutum ɗaya ne, ba na suna ba

Malam Edita,

Muna so mu ja hankalin masu karatu kan shagunan intanet da ke sayar da "tambarin danginku", wato zanen garkuwa mai alamomi da ake gada, bisa sunan mahaifi kawai. Yaudara ce. A Ingila, hukumar College of Arms da ke Landan, wadda Sarki Richard na Uku ya kafa a 1484, mutum ɗaya take bai wa tambari, sannan ya bi zuriyarsa ta wajen uba. Babban ɗa yakan ƙara wata alama a saman garkuwa muddin uban yana raye, na biyu jinjirin wata, na uku tauraro.

Kwalkwalin da ke bisa garkuwar shi ke nuna matsayi: na sarki na zinariya ne, yana kallon gaba, na mai ƙaramin matsayi na ƙarfe ne, a rufe, yana kallon gefe. Masu zanen bogi kan tafka kuskure wajen launi, domin ba a ɗora zinariya kan azurfa, ko ja kan shuɗi, saboda ba za a gane alamar daga nesa ba.

A Sikotland ma abin ya fi tsanani: amfani da tambarin da ba a yi wa rajista ba laifi ne a gaban kotun Lord Lyon, jami'in da ke kula da tambura a can.

Naku,
Wasu masu nazarin tarihi, Zariya