Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Dillalan 'Yan Aikatau A Gwagwa

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Mai Unguwa,
Gwagwa, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, muna addu'ar Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya dafa maka kan nauyin jama'ar da ya ɗora maka. Mu talakawanka ne, dattawa da limamai da malaman Islamiyya mata da matasa 'yan sintiri. Mun san hidima ta yi maka yawa, kuma ba don tura ta kai bango ba, da ba mu ɗauki alƙalami ba. Muna neman afuwa in maganarmu ta yi tsawo ko ta yi zafi.

Ranar Talatar da ta wuce, ladan ya zo buɗe masallaci da asuba, ya tarar da wata yarinya rakuɓe a gindin tankin alwala, ba takalmi, ba mayafi. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, in ta yi yawa shekararta goma. Da aka kai ta gidan liman, mata suka tuɓe mata riga za su yi mata wanka, sai ga shatin dutsen guga a gadon bayanta, biyu sababbi suna ruwa, ɗaya tsoho ya riga ya warke. Tafin hannunta duk ya tsattsage saboda wanki da wanke-wanke. Akwai dattijuwar da ta shekara talatin tana wankan gawa a unguwar nan, ita ma sai da ta fita tsakar gida ta yi kuka.

Sai bayan azahar yarinyar ta buɗe baki. Ba ta san sunan unguwar da take aiki ba, ta dai san gida ne mai bene da maigadi, kuma laifinta shi ne ta ƙona gyalen Hajiya wajen guga. Ta san sunan ƙauyensu a jihar Zamfara, wanda 'yan bindiga suka tashe su daga cikinsa. Ta kuma san gidan matar da ta kawo ta, wanda yake nan cikinmu, layi biyu daga masallaci. Wani mai Keke Napep ne ya tausaya ya sauke ta bakin kasuwa cikin dare, ta je ta buga ƙofar, aka leƙo aka gan ta, aka ƙi buɗewa. Wata goma sha ɗaya tana aiki, hannunta bai taɓa riƙe naira ɗaya ta guminta ba.

Allah ya taimake ka, abin da ya fi ƙona mana rai shi ne abin da ya biyo baya. Tun kafin ciwon ya bushe an fara zarya gidan liman, ana cewa a rufa asiri, a kashe maganar a gida, ga kuɗin magani, a mayar da yarinya hannun wadda ta kawo ta. Har an aika wa ladan cewa ya iya bakinsa. Muna roƙonka da girman Allah, kada a yi sulhu a kan bayan yarinyar nan.

Yadda sana'ar take ba ɓoyayye ba ne. Dillaliya ta je ƙauye da turmin atamfa da sabulu, ta samu uwar da ba ta da abin da za ta ɗora a wuta, ta ce mata 'yarki za ta tara kuɗin kayan ɗaki, har makaranta za a sa ta. Ta kwaso biyar ko shida, a sauke su a tashar Zuba, su kwana ɗaki ɗaya a nan. Washegari motoci su yi layi daga Gwarinpa da Life Camp da Kubwa, ana dubawa ana tayawa kamar a karar Dei-Dei. Kuɗin wata asusun dillaliya yake shiga, sai da Sallah ta aika wa iyaye ɗan abin da ta ga dama. In an koro yarinya, gaba ta kai ta, domin sabon gida sabuwar la'ada. Waɗanda suka fara tasawa kuwa, sai a soma yi musu romon baka da aikin Saudiyya, ko Libiya ta hanyar Agadez. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: masu karɓar yaran nan 'yan'uwanmu ne, nasu 'ya'yan suna makarantar kuɗi, 'yar wani tana kwana a ƙasan kicin.

Ba yau muka fara kuka ba. Liman ya yi huɗuba, an zauna a ƙofar gidan Mai Unguwa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, an kai rahoto, an yi alkawari, an lafa na mako biyu, an dawo. Kullum amsa ɗaya ce, wai taimako take yi, wai iyayensu ne suka ba ta. Wanda ya matsa a ce masa 'yarka ce?

Ranka ya daɗe, ka fi mu sanin doka. Tun 2003 aka kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, kuma hedikwatarta tana nan Wuse. Dokar da aka sabunta a 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, da hukuncin ɗauri daga wata 6 zuwa shekara 7, kuma ta haɗa da mai kawowa da mai ajiyewa da mai karɓa. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 tana aiki a Abuja, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. Ba mu manta da yaran Kano da aka sace aka gano a Onitsha a 2019 ba, an sauya musu suna. Yaron da babu mai ƙirga shi, haka yake ɓata.

Don haka muke roƙo ka kira matar nan fada, da duk masu irin sana'arta, su kawo lissafin kowace yarinya da gidan da aka kai ta, domin mun tabbata akwai sauran irin wannan a bayan dogayen katangu. Ka sa bakinka a miƙa maganar ga NAPTIP a rubuce da hatiminka, domin takardar fada ta fi tamu nauyi, a kuma gano gidan da aka yi wannan ƙuna. Muna roƙo masu unguwanni su riƙa rubuta duk yaron da aka kawo unguwa ba tare da iyayensa ba, masu gidajen haya su san abin da ake yi a ɗakunansu, shugabannin tasha kuma su riƙa tambayar mace ɗaya mai yara shida ina za ta da su. In da hali, ka isar da kukanmu gaban Mai Martaba Sarki da Ƙaramar Hukumar AMAC. A kuma ba ladan da matan da suka ga ciwon kariya.

Sai ita yarinyar. Ciwon baya zai warke, na zuci ne muke tsoro. Ƙarfe huɗu na dare take zabura tana laluben tsintsiya. In an ɗaga murya, ko ba da ita ake ba, sai ta kare kanta da hannu. Tana fitsarin kwance, abinci kuma sai ta ɓuya bayan ƙofa take ci. Wasu sun ce iska ce. Muna yi mata addu'a da tofi, amma mun san firgita ce ta wanda aka daɗe ana azabtarwa, kuma tana bukatar ma'aikatan jin daɗin jama'a da likitan da ya san damuwar yara, a nemo mahaifiyarta, a sa ta makaranta. Muna sake roƙo, Allah ya ba ka nasara, kada a mayar da ita hannun dillaliya, kada a karɓi sulhu.

Tana gidan liman har yanzu, matan Islamiyya ke karo-karon kuɗin wankin ciwo. Duk ranar da ka sa, za mu zo fada da shaidunmu da takardar asibiti.

Allah ya ƙara maka imani da yawan rai.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Dattawa, limamai, malaman Islamiyya mata da matasan unguwa.